Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Tarihin Taswira da Haƙƙin Ƙasa a Chadi

A daminar shekarar 2012, a garin Baibokum da ke can kudancin Chadi, kusa da inda iyakarmu ta haɗu da ta Kamaru da ta Afirka ta Tsakiya, wasu Fulanin Bororo suka kewaye wani faffaɗan tebur. A kansa akwai siffar ƙasar da suke kiwo, da duwatsunta da kwaruruwanta, an gina ta da kwali da gam. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Amma da aka miƙa masu zare da fenti da ƙananan allurai masu kai kala-kala, sai suka shiga nuna wa masu digiri inda kogi ya karkata, inda burtali ya bi, da inda ruwa ke kwana har tsakiyar rani.

Wani zai ce: mu Hausawan Njamena, da akasarinmu 'yan kasuwa ne da malamai da mahauta da masu sana'ar hannu, me ya haɗa mu da taswirar makiyaya? Amsar tana cikin tarihinmu. Sama da shekara ɗari ke nan ana zana ƙasar da muke zaune a kai, kuma ba kasafai aka tambaye mu ba. Duk wanda ba ya cikin zane, ranar rabo ba ya cikin lissafi.

TASWIRAR DA KE CIKIN KAI

Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Damagaram suka nufo gabas ba su riƙo takarda ba, amma ba su ɓata ba. Hanyar tana cikin kan madugu da jagaba, zango bayan zango: daga Kukawa a sauko bakin Shari, a ƙetare zuwa Bagirmi, a bi ta Fitiri ko ƙasar Wadai, a shiga Darfur, har a kai gaɓar Bahar Maliya. Sun san rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa, sun san sarkin da ke karɓar fito da wanda ke karɓar gaisuwa kawai, sun san watan da laka ke rufe hanya. Wannan ma taswira ce, sai dai a ƙwaƙwalwa take, ana gadonta daga baki zuwa kunne.

Turawan farko da suka zo yankin nan da wannan ilimin suka yi guzuri. Heinrich Barth, wanda ya kai Massenya ta Bagirmi a 1852, ya riƙa zaunar da fatake da alhazai yana rubuta sunayen zangunansu da yawan kwanakin da ke tsakani, kuma da irin waɗannan bayanai aka cike gurabe da dama a taswirorin da aka buga a Turai. Sunansa ya shiga tarihi, sunayen mafi yawan waɗanda suka faɗa masa kuwa sun bi iska.

Kafin shi, a 1824, Hugh Clapperton ya isa Sakkwato ya tambayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kogin Kwara ya nufa. Bello ya zana masa a kan rairayi, daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda, wadda aka buga a Landan a 1826. Taswirar takardar ta nuna kogin ya miƙe gabas ya nufi Masar, abin da ya sa wasu masana tarihi ke ganin da gangan aka karkatar da shi, don kada baƙo ya gane ƙofar shiga ƙasa ta ruwa. Ko ma mene ne dalilin, darasi ɗaya ya fito fili: tun a wancan zamanin shugabanninmu sun fahimci cewa zanen ƙasa makami ne, ba a miƙa shi ga kowa haka siddan.

ZANEN NASARA

Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, Rabe ya faɗi, kwamandan Faransawa Lamy ma ya faɗi. Bayan 'yan makonni Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gaɓa ta Shari, ya raɗa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973 lokacin da ya koma Njamena. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, da kuma shigar Faransawa Abeche a 1909, hanyar hajji ta ƙasa ta ƙara cika, Fort-Lamy ta zama babban zango. Wasu sun wuce, wasu guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba, har tsayuwar ta zama zama. Daga cikinsu da yawanmu muka fito. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya wallafa littafi sukutum a 1976 a kan al'ummomin Hausawa na Chadi, inda ya bi diddigin wannan zama.

A daidai wannan lokaci wata irin taswira ta daban ta sauka. Ingila da Faransa sun fara raba ƙasar Hausa da Barno a kan tebur tun 1890, da layin da suka ja daga Sayi zuwa Baruwa, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1909 tawagar Kyaftin Jean Tilho ta bi iyakar tun daga Kwara har tafkin Chadi tana aune-aune. Tafintanta, Landeroin, ya tattara tarihin garuruwa daga bakin dattawa, har ya rubuta littattafai a kan harshen Hausa. Wato an tambayi mutane, amma tambayar mai bincike ce, ba ta mai neman shawara ba. Dattijo ya ba da labari, Bature ya ja layi, kuma layin ne ya zama doka.

TAFKIN DA BA YA TSAYAWA WURI ƊAYA

Babu inda rauni irin na wannan zane ya bayyana kamar tafkin Chadi. Shi kansa Tilho ya tarar da ɓangaren arewa na tafkin ya janye sosai, kuma shi ne daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A wannan yanayi na cika ne ƙasashe huɗu, Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a nan Fort-Lamy ranar 22 ga Mayu 1964. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ruwan fili ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da.

Masunci ba ya bin layi, kifi yake bi. Da ruwa ya ja baya, masunta da manoma daga Nijeriya, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suka bi shi, suka kafa ƙauyuka a tsibirai da busasshiyar gaɓa. A 1983 sojojin Chadi da na Nijeriya suka yi arangama a kan wasu tsibiran. Daga baya rikicin Darak ya kai Nijeriya da Kamaru gaban Kotun Duniya. Duk wanda ya karanta jerin ƙauyukan da aka yi shari'a a kansu zai ji harshenmu a ciki: Garin Wanzam, Doron Liman, Sabon Tumbu, Fagge, Ba Shakka. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci bisa takardun da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1919 da 1931, ta ce yankin na Kamaru ne, kuma a Disamban 2003 Nijeriya ta janye. Ba muna ƙalubalantar hukuncin ba ne, domin ya hana yaƙi. Abin lura shi ne, mutanen da suka sare ciyawar wurin suka raɗa masa suna sun wayi gari makomarsu na rataye da takardar da aka rubuta tun kafin a haifi iyayensu.

ƘASAR DA “BA TA DA MAI ITA”

A tudu ma haka abin yake. Dokokin ƙasa da Chadi ke aiki da su har yanzu su ne masu lamba 23 da 24 da 25 na ranar 22 ga Yuli 1967. Ƙashin bayansu gadon Faransa ne: duk filin da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukarsa fanko ne marar mai shi, sai in an kawo hujjar akasin haka, hujjar kuwa ita ce a ga alamar an raya shi. Manomi na iya nuna kunya da shuka. Mai gida na iya nuna katanga. To makiyayi fa, wanda ya bi da garkensa a watan Nuwamba, ruwan bazara ya shafe sawunsa? A idon doka kamar bai taɓa wucewa ba.

Dokar da ta tsara yawon kiwo kuwa ta 1959 ce, tun kafin samun 'yancin kai. A 2014 majalisar dokoki ta amince da sabon kundin kiwo, amma suka ta yi yawa, musamman daga yankunan manoma, aka janye shi kafin ƙarshen shekarar. Alhali ƙidayar dabbobi ta 2015 ta nuna ƙasar na da dabbobi sama da miliyan 90. Fari ya tura garkuna kudu, gonaki sun faɗaɗa sun cinye burtali, masu kuɗi da masu muƙami sun sayi shanu sun ɗauki makiyayan haya. Sakamakon mun gan shi: dokar ta-ɓaci a Wadai da Sila a watan Agustan 2019, da zubar da jinin Sandana a Fabrairun 2022.

An yi ƙoƙarin gyara tun kafin haka. Daga 1995 shirin Almi Baha'im, wato ruwan dabbobi da Larabcin Chadi, ya haƙa rijiyoyi a gabashin ƙasar, ya kuma kafa turaku a gefen hanyoyin kiwo da ake kira murhal, bayan an zauna da sarakuna da manoma da makiyaya. A Nijar ma dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, bayan ƙasar ta ɗanɗana bala'in Toda na 1991 a jihar Maraɗi. Duk waɗannan sun nuna abu ɗaya: turken da aka kafa ba da yardar mutane ba, da dare ake tuge shi.

ABIN DA YA FARU A BAIBOKUM

A nan ne labarin Hindu Umaru Ibrahim ya shigo. Bafulatana ce daga Bororo, ta yi karatu a nan Njamena, hutu kuma tana komawa ruga wurin danginta. A 1999, tana 'yar budurwa, ta kafa ƙungiyar matan Fulani 'yan asalin Chadi, wadda aka fi sani da AFPAT. A Nuwamban 2011 ƙungiyar, tare da IPACC mai haɗa kan al'ummomin asali na Afirka, ta shirya taro a Njamena inda aka zaunar da makiyaya da masana yanayi a ɗaki ɗaya. Masu na'ura suka faɗi yadda suke hasashen damina, makiyaya suka faɗi yadda suke karanta iska da taurari da furen itatuwa da sheƙar tsuntsaye. Daga wannan zama aka tsai da shawarar a gwada zana ƙasa tare, aka zaɓi Baibokum, yankin duwatsu da koguna inda manoma da makiyaya ke gogayya a kan mashaya, kuma bututun man Doba ya ratsa ta kusa. Hukumar UNESCO da cibiyar CTA suka tallafa.

Yadda ake aikin yana da sauƙin fahimta. Ana ɗauko taswirar hukuma mai layukan da ke nuna tudu da gangare. Kowane layi sai a kwafe shi a kan kwali, a yanka, a ɗora wani kan wani a manne, har duwatsu su taso, kwari ya nutse. A lulluɓe da takarda mai laushi. Abin da ya fito ƙasa ce tsirara, babu suna ko ɗaya a kanta. Kafin a taɓa ta, sai jama'a su zauna su amince da ma'anar alamomi da harshensu: wane launi ne daji, wane ne gona, wane zare ne kogin da ba ya ƙafewa, wane ne rafin damina, wace allura ce rijiya, wace ce maƙabarta. Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, domin a taswirar hukuma wani ne a ofis yake yanke abin da ya isa a zana. A nan kuwa masu ƙasar ne ke yankewa. Bayan an gama sai a ɗauki hoto a shigar cikin kwamfuta, ya zama taswirar da ma'aikacin gwamnati zai iya karantawa, ita kuwa siffar ta zauna a hannun jama'a.

Hindu ta sha ba da labarin abin da ya fi burge ta. Maza ne suka fara, suka sa manyan abubuwa: duwatsu, koguna, hanyoyin shanu. Mata na gefe suna kallo. Can sai suka fara tsoma baki, suna cewa nan an yi kuskure, nan ne muke ɗebo ruwa idan rafi ya ƙafe, nan muke samun magani, nan muke tsinko abin miya. Sai ga shi rabin ilimin ƙasar yana hannun waɗanda ba a saba ba su damar magana a taro ba. Haka nan manomi da makiyayi, waɗanda in sun haɗu a gaban hukuma kowa rantsuwa yake yi, a gaban siffar ƙasa sai su koma nuni da yatsa: ga mashaya, ga gonar da ta toshe ta, ga inda za a iya buɗe hanya. Gani ya kori ji.

Wannan aiki ya fitar da sunan Hindu duniya. Ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin ƙungiyoyin farar hula ranar 22 ga Afrilu 2016 a Majalisar Ɗinkin Duniya, wajen sa hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Paris. A 2021 ta samu kyautar Rolex don ta faɗaɗa aikin taswirar, musamman a yankin tafkin Chadi, inda ake amfani da hotunan tauraron ɗan'adam jama'a su yi zane a kai. A 2024 ta shugabanci dandalin Majalisar Ɗinkin Duniya na al'ummomin asali.

Ba a Chadi aka fara ba. A Kanada, mafarautan Inuwit sun zana wuraren farautarsu a wani gagarumin aiki da aka wallafa a 1976, wanda ya zama hujja a tattaunawar da ta haifar da yankin Nunabut a 1999. A Kenya, mutanen Ogiyek sun gina siffar dajin Mau a 2006, kuma a 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta tabbatar da haƙƙinsu a kan dajin. Amma labarinsu na ɗauke da gargaɗi: ko bayan hukuncin an ci gaba da korar wasunsu. Taswira hujja ce, ba ta zama dokar da ke aiwatar da kanta.

INDA ƘAYA TAKE

Kada zumuɗi ya rufe mana ido. Abu na farko, abin da ka zana ka tona shi. Rijiyar da dangi suka ɓoye shekara da shekaru, in ta hau takarda, mai kuɗi ma ya gan ta. Hikimar Muhammadu Bello ba ta tsufa ba: dole jama'a su yanke abin da za a nuna da abin da za a bari a ciki, su kuma san a hannun wa kwafin kwamfuta zai kwana.

Na biyu, ƙasarmu ba ta son layi mai kauri. Fadama ɗaya a bakin tafki, masunci ke da ita lokacin cika, mai masara in ruwa ya janye, makiyayi bayan girbi. In aka zana ta da launi ɗaya aka ce ta wane ce, an kashe tsarin da ya ciyar da mutum uku. Taswira mai kyau sai ta nuna wata da wata, ba wuri kaɗai ba.

Na uku shi ya fi shafarmu. Kalmar “ɗan asali” tana kare mai rauni, amma a bakin ɗan siyasa tana iya zama wuƙar yanke baƙo. Mu ba mu da'awar mun riga Kotoko ko Buduma ko Kanembu zama a ƙasar nan, kuma ba daidai ba ne mu yi. Sai dai wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, shi ma yana da abin nunawa a kan tebur. In aka yi zaman zana ƙasa babu masuncin Bahaushe, babu mai lambun bakin Shari, babu dillalin kasuwar shanu, to sabuwar taswirar za ta maimaita laifin tsohuwar, hannun mai zanen ne kawai ya sauya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun ga yadda birnin nan ke sauya fuska. Bayan yaƙin Fabrairun 2008 an rushe dubban gidaje a unguwanni daban-daban, wasu masu gidajen ba su da abin nunawa sai shaidar maƙwabta. A Oktoban 2022 Shari da Logon suka cika suka shanye Waliya da maƙwabtanta, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, a 2024 ruwan ya sake dawowa. Tsofaffinmu sun san tsoffin hanyoyin ruwa da aka cike aka yi gini a kai. Sun san inda zangon alhazai yake, inda marina take, inda aka fara sallar Idi, da filin da wane ya bayar sadaka don makarantar allo. Kowace shekara muna binne wani ɓangare na wannan sani.

Ba sai mun jira wata ƙungiya daga Turai ba. Kwali da zare da fenti duk akwai su a kasuwa, kuma 'ya'yanmu da ke jami'a sun iya sauko da hoton unguwa daga intanet. Abin da ake bukata shi ne sarkin Hausawa da limamai da shugabannin sana'o'i su kira zama, a gayyato maƙwabtanmu Larabawa da Barebari da Kotoko da Sara, domin taswirar da ƙabila ɗaya ta zana ita kaɗai takardar faɗa ce. A zaunar da iyayenmu mata a sahun gaba, kada a maimaita kuskuren da matan Baibokum suka gyara. A rubuta sunayen wurare yadda muke kiransu, a sa kwanan wata, masu unguwa su sa hannu, a kai kwafi ofishin magajin gari, a ajiye wani a masallaci.

Kakanninmu sun haddace hanya daga Kano har Bahar Maliya domin rayuwarsu ta rataya a kanta. Mu da muka zauna, abin da ya rage mana mu haddace shi ne inda muke zaune, mu kuma sa shi a rubuce tun masu sani suna da rai. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu Chadi lafiya.